Yadda ake kwashe tsuntsayen gidan zu zuwa sabon mazauni

Ranar 3 ga Janairu, 2023, aka rufe ƙofar gidan tsuntsaye na Jurong da ke Singafo, shekara 52 cif da buɗe shi. An gina wa tsuntsayen sabon gida a Mandai, can arewacin ƙasar, kusa da gidan zu na Singafo, aka raɗa masa suna Bird Paradise. Tsuntsu kimanin 3,500 ake magana, nau'i sama da 400, tun daga 'yan ƙanana masu shan ruwan fure har zuwa fengwin, tsuntsun teku marar tashi, da ba ya rayuwa sai cikin sanyi. Singafo 'yar mitsitsiyar ƙasa ce, daga Jurong zuwa Mandai ba a awa guda a mota. Duk da haka sai ranar 8 ga Mayu aka fara shigar da baƙi sabon wurin, kuma tun 2016 aka sanar da cewa za a yi ƙaurar. Tafiyar ƙasa da awa ɗaya, shirin shekaru.

Abin ya shafe mu. A 2020 gwamnatin Kano ta yi maganar mayar da gidan zu na Audu Bako zuwa Tiga, domin gari ya riga ya kewaye shi. A watan Satumba na 2024 kuma, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya cinye gidan zu na Sanda Kyarimi a Maiduguri, har aka ga jimina tana ratsa ruwa a titi. Ko da shiri ko babu, wata rana wani zai ɗora tsuntsaye a mota. Ga yadda ake yi su isa da ransu.

Fara da rajista

Kafin a sayi ƙusa ɗaya ta akwati, a san abin da ake da shi. Kowane tsuntsu a ba shi layinsa: nau'insa, namiji ko tamata, shekarunsa idan an sani, nauyinsa, abin da yake ci da lokacin da yake ci, ciwon da ya taɓa yi. A sa masa shaidar da ba ta ɓacewa, ko zobe mai lamba a ƙafa, ko 'yar na'urar nan mai kama da ƙwayar shinkafa da likita ke cusawa a jikin manyan tsuntsaye. Manyan gidajen zu suna ajiye wannan bayani a manhajar ZIMS, amma littafi mai bango da biro ma sun wadatar in dai akwai mai rubutawa kullum.

Akwai layin da ba ya cikin takardar ofis, sai a bakin mai ba su abinci: wa ke tare da wa, wa ba ya ga maciji da wa. Gauraka da aku da burtu suna riƙe abokin zama shekara da shekaru. Ka raba su a mota biyu, rana biyu, sai ka tarar ɗaya ya daina cin abinci. A zauna da mai kula da kowane keji, a tambaye shi, a rubuta abin da ya faɗa. Shi ya san akun da ke tsoron hula, da dawisun da ke kai wa duk mai jan kaya hari.

Likita kafin direba

Aƙalla wata guda kafin tafiya, likitan dabbobi ya duba kashinsu don tsutsar ciki, ya ɗebi jini a waɗanda ake shakka, ya ɗauki samfuri don gwajin murar tsuntsaye da cutar Newcastle. A Najeriya cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, ita ce madogara a irin wannan gwaji. Tun watan Fabrairu na 2006, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, cutar ba ta daina leƙowa ba. In an ji ɓullarta a yankin da za a taso ko inda za a sauka, a ɗage tafiyar, ko da an riga an buga katin bikin buɗewa. Duk wanda aka samu da ciwo a ware shi, kada ya taka sabon gida sai ya warke, kuma baƙon da aka kawo daga wani wuri ya yi kwana 30 a keɓe.

Takardu su ma a nan ake gama su: izinin hukumar lafiyar dabbobi, wasiƙar da za a nuna a shingen bincike. In za a tsallaka iyakar ƙasa sai da izinin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan fataucin namun dajin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma akun nan mai launin toka da jar wutsiya yana rukunin farko na yarjejeniyar tun farkon 2017, wato mafi tsanani.

Sabon gida ya rigaya tsuntsu tsufa

Kejin da magina suka fita jiya bai isa a zuba tsuntsu yau ba. A shuka itatuwa da ciyayi watanni kafin a kawo su, su kama ƙasa, su yi inuwa da maɓoya. Sannan a bi ƙasan wurin taku-taku da maganaɗisu. Jimina da gauraka da ɗinya suna haɗiye duk abin da ke ƙyalli, kuma guntun waya ko ƙusa ɗaya da kafinta ya yar ya isa ya huda cikin tsuntsu. Sabuwar ragar waya da aka lulluɓe da tutiya ita ma guba ce ga aku da tsirya masu gaigayar komai. A goge ta da buroshi da ruwan khal, a ɗauraye, a bar ta ta sha iska da ruwan sama.

A yi ƙofa biyu a kowace mashiga, ta yadda ba za a buɗe ta ciki ba sai an rufe ta waje. A binne raga ko siminti a gindin bango saboda ɓera da gafiya da maciji, a kwana ana sa tarko tun kafin masu gidan su zo. A gwada famfo, a gwada magudana da ruwa mai yawa, a tabbata bakin tafki yana da gangara ta yadda wanda ya faɗa zai iya fitowa. Inda rayuwar tsuntsu ta rataya a kan na'urar sanyaya ɗaki, kamar fengwin, a kashe wuta da gangan a ga ko janareto zai ɗauka.

A cikin kowane katafaren keji kuma a gina ƙaramin keji na wucin gadi, wanda na ciki zai ga waje, na waje ya gan shi. Za mu dawo kansa.

Koya wa tsuntsu shiga akwati da ƙafarsa

Wannan shi ne aikin. Sauran duk hidima ce.

Na taɓa taya wasu mutane kwashe gauraka biyu daga wani lambu, shekarun baya. Ba mu san komai ba. Samari huɗu suka shiga da zani, suka yi ta kora daga wannan kusurwa zuwa waccan, kusan kwata na awa, rana ta take. Aka kama su, aka ɗaure ƙafafun kamar na kajin kasuwa, aka kwantar a bayan a-kori-kura. Sun isa da rai, muka yi ta murna. Washegari namijin ya kasa tashi. Yana zaune a kan gwiwoyinsa, kambin nan na kansa mai ruwan zinariya a tsaye kamar babu abin da ya faru, ido tar, yana ɗaga wuya in matar ta yi kuka, amma ƙafa ta ƙi. Rana ta uku ya mutu. Da likita ya buɗe shi, naman cinyar ya koɗe, fari-fari, kamar an tafasa. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin da hannunmu muka yi.

Abin da ya kashe shi sananne ne ga likitocin namun daji. Tsoro da gudu da zafi suna sa tsoka ta yi aikin da ya wuce ƙarfinta har ta lalace, abin da ya fito daga cikinta ya bi jini ya illata ƙoda da zuciya. Ya fi kama masu dogayen ƙafafu: gauraka, jimina, filamingo, shamuwa. Wani lokaci sai bayan kwanaki yake bayyana, kuma in ya bayyana magani kaɗan ne ke ci. Shi ya sa ma'aikatan Jurong suka ɓata lokaci mai tsawo suna horar da tsuntsayensu su shiga akwati don kansu, ana ba su ladan abinci.

Ga tsarin. A fara da ba da abinci a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, da alama ɗaya: usur, ko ƙwanƙwasa kwano, ko wani kira da mai kula ya saba yi. Bayan kwanaki za ka ga da jin alamar sun taho. Sai a kawo akwatin da za a yi tafiya da shi, a cire murfinsa, a ajiye can nesa, a ƙyale shi. Kada a yi komai. Tsuntsu zai yi kwana biyu yana kallonsa da ido ɗaya, rana ta uku ka same shi a kai yana gyaran gashi. Daga nan kullum a matso da kwanon abinci kaɗan, har ya zo bakin akwati, har ya shiga ciki taki ɗaya, har ya kai ƙurya. Abin da ya fi so shi ake ajiyewa a ƙuryar, ba a ba shi a ko'ina sai can: gyaɗa ga aku, fara ko tsutsa ga burtu da cilakowa, ɗan kifi ga zalɓe.

Idan ya saba cin abinci a ciki hankali kwance, a mayar da murfin amma a bar shi a buɗe. Bayan kwanaki a rufe na daƙiƙa biyu a buɗe tun bai damu ba. Gobe daƙiƙa goma. Jibi minti ɗaya. Sannan a ɗaga akwatin a ajiye, sannan a zaga da shi cikin keji a dawo. Duk ranar da ya firgita, a koma matakin jiya, kada a matsa. In an ɗora akwatin a kan sikeli tun farko, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ba tare da an taɓa ko ɗaya ba: kullum ana samun nauyinsa.

Abu biyu nake roƙo. Kada a horar da yunwa. A rage kayan kwaɗayi kawai, abincin yau da kullum ya ci gaba. Kuma kada a ci amanar tsuntsu tun kafin ranar. Wanda aka rufe da ƙarfi sau ɗaya don gwaji, musamman aku ko hankaka, ba zai sake kusantar akwatin nan ba har wata ya zagayo.

Wani nau'in mako biyu ya ishe shi, wani sai wata uku. A manyan kejuna inda ɗaruruwa ke shawagi sakaka, irin wanda aka yi a Jurong a da, mai ruwa yana zubowa daga tsayin mita 30, ba a bin kowa ɗaya-ɗaya. Ana mayar da wurin cin abincin cikin wani keji mai ƙofar da ake ja da igiya daga nesa. Masu ƙarfin hali su ke fara shiga, a kwashe su. Da sun tafi, masu kunya za su samu sarari su matso.

In dole sai an kama da hannu

Akwai waɗanda ba za su horu ba. A kama su da asuba ko bayan duhu ya shiga, lokacin da suke kan reshen kwana, mutum biyu ko uku da kowa ya san aikinsa, babu hayaniya. A tsayar da ƙa'ida tun a waje: in an yi minti biyu ba a samu ba, a fita, a dawo gobe.

Kowane tsuntsu da makaminsa, shi ake fara riƙewa. Mikiya da shaho da mujiya, ƙafa. Aku, a rufa masa tawul a riƙe bayan kai. Zalɓe da gauraka da babba-da-jaka ido suke nema, don haka a sa tabarau mai kariya, wani ya riƙe baki ba tare da ya toshe hancin ba. Jimina gaba take harbi, kuma harbin yana iya farke cikin mutum. Daga gefe ko baya ake zuwa mata, a zura mata safa marar tafi a kai ta rufe ido, sai ta lafa a tura ta a hankali. Ungulu tana amai in ta tsorata, a karkata kanta ƙasa kada ta shaƙe.

Kada a matse ƙirjin tsuntsu ko kaɗan. Numfashinsa da motsin ƙashin ƙirji yake, wanda ya rungume shi da kyau don kada ya kuɓuce yana iya kashe shi a hannu bai sani ba. Kuma kada a naɗe dogayen ƙafafu a ɗaure.

Akwatin

A auna tsuntsu sannan a ƙera akwati. Ya iya tsayuwa daidai, ya iya juyawa, amma kada ya samu filin buɗe fiffike ko tsalle. Rufin ciki a manna masa soso, domin tsuntsun da ya firgita sama yake zabura, kai yake fasawa. Ƙasa a shimfiɗa kafet ko buhun algarara a kafe da kyau. Santsi shi ke raba ƙafafu. Ramukan iska a ɓangarori aƙalla uku, a rufe su da raga da yadi mai shara-shara, iska ta shiga, haske ya ragu. Duhu-duhu yana kwantar musu da hankali. A buga katako a jikin akwatin ta waje yadda ko an jera su manne da juna ramukan ba za su toshe ba. Na aku a yi masa rufin waya ta ciki, in ba haka ba kafin a isa ya sassaƙe hanyar fita. Masu kwana a reshe a kafa musu sanda ƙasa-ƙasa. Ƙa'idojin ɗaukar dabbobi na ƙungiyar jiragen sama ta IATA suna da zanen akwatin kowane rukuni, kuma suna da amfani ko a mota za a yi tafiyar.

Manya ɗaya-ɗaya ake sa su, ko da mata da miji ne. A dai jera akwatunan kusa yadda za su ji muryar juna. A rubuta lambar zobe da sunan kejin da za a kai shi a jikin kowane akwati.

Ranar tafiya

A kauce wa lokacin ƙwai da reno, da lokacin da suke zubar da gashi. Cilakowa in ta shiga kogon itace ta liƙe bakinsa da laka tana kwanci, sai a jira ta fito da 'ya'yanta. A ƙasarmu kuma a kauce wa tsakiyar bazara. Jikin tsuntsu yana kai maki 40 zuwa 42 a ma'aunin Salshiyos, ba ya gumi, ratar da ke tsakaninsa da mutuwa a cikin akwati mai zafi kaɗan ce. Fengwin na Jurong a motar sanyi aka ɗauke su. Namu ba sa buƙatar haka, amma suna buƙatar a tashi bayan sallar asuba a sauke kafin hantsi ya dubi ludayi.

A bi hanyar da motar babu kaya kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, a san ramuka da gargada da inda ake cunkoso. Direba ya san ba kayan gwari ya ɗauko ba: babu birki na ba-zata, babu oda, babu rediyo. A ɗaure akwatuna kada su zame, a nisanta su da hayaƙin salansa. Mota ta biyu ta biyo baya da likita da ruwa da akwatin ko-ta-kwana. In tsayawa ta kama, a inuwa. Manyan masu cin nama da kifi a ɗage musu abincin safiyar don kada su yi amai a hanya, amma ƙananan tsuntsaye ba sa jure yunwa ko ta sa'o'i kaɗan, a sa musu gero ko yankan gwanda da kankana a ciki, ya zama abinci ya zama ruwa.

Kada a kwashe duka rana ɗaya. A fara da masu ƙwari, irin su agwagi da zabi da dawisu, a ga inda tsarin ya yi rauni, a gyara kafin a zo kan masu tsada da masu rauni.

Sauka

Ƙaramin kejin nan na wucin gadi, nan ake kai akwati. A ajiye, a buɗe murfi, a ja da baya. Kada a girgiza, kada a zura hannu. Wani zai fito nan take, wani sai ya yi awa yana leƙe. Ya tarar da kwanonsa na da, abincinsa na da, da mutumin da ya saba gani, yana busa usur ɗin da ya saba ji. Ba yanzu ake canja abinci ko ma'aikaci ba.

Zai yi kwanaki a nan, wani mako ɗaya, wani biyu, yana kallon babban kejin, yana gane inda rana ke fitowa da inda ake ajiye abinci. Kafin a sake shi, a rataya yadin inuwa ko ganyen kaba a jikin raga da gilashi, domin tsuntsun da bai san iyakar wuri ba da gudu yake dukan raga ya karya wuya. Da safe ake buɗe masa, ya samu yini guda ya nemi wurin kwana, kuma a bar ƙofar ƙaramin kejin a buɗe da abinci a ciki don ya samu wurin komawa. Masu sanyin hali su ake fara saki su kama wuri, mafaɗata su zo daga baya su tarar da gida da masu shi. A yawaita wuraren cin abinci, nesa da juna, kada ƙato ɗaya ya tsare kwano.

Makonnin farko ido ake zubawa. Wa ya ci, wa bai ci ba, yaya kashinsa yake, wa ke zaune a ƙasa ya kumbura gashi. Tsuntsu gwanin ɓoye ciwo ne, sikeli ne ke tona shi. Wanda ya zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a kira likita a ranar. Wahalar tafiya tana raunana garkuwar jiki, a lokacin ne cutar fumfuna ke kama huhun fengwin da mikiya, don haka duk wanda aka ji numfashinsa ya canja kada a jira gobe. A duba tafin ƙafa ma, sabon reshe ko daɓen siminti yana jawo gyambo. 'Yan kallo kuma su dakata har sai an ga tsuntsaye suna wanka, suna gyaran gashi, suna 'yan faɗace-faɗacensu na yau da kullum, sannan a fara shigo da mutane kaɗan-kaɗan.

Can tsohon gida kuwa, kada a yanke raga, kada a ɗauke ruwa, kada a daina ajiye abinci. A ɗauki rajista a bi layi-layi, lambar da ta fita ta yi daidai da lambar da ta isa. In saura ɗaya, yana nan. A leƙa kogon kowane itace da tocila, a duba bayan duwatsu da ƙarƙashin rufi, a watsa gari a kewayen kwanon da yamma, da safe a zo a duba sawu.